Ranar da Malama Ta Ƙi Shiga Na'ura

Shafi na 19

Masu cewa na ɓace, ban ɓace ba, hidima ce ta sha kaina. Mun tsaya inda Injiniya ya kai matarsa asibiti a sake ɗaukar hoton ƙarin da ke hana ta haɗiyar abinci. Mu ɗora daga nan.

*

Kujerun barandar ɗaukar hoto na ƙarfe ne, an haɗe su da juna, in mutum ɗaya ya muskuta duk layin sai ya ji. Injiniya ya san wadda ke rawa a cikinsu, ya san wadda ke kusa da wurin cajin waya, ya san ma fankar da ke kuka in an ƙure ta. Yawan zuwa ne ya koya masa.

Shi dai ba injiniyan komai ba ne, firji yake gyarawa da na'urar sanyaya ɗaki. Matarsa ce ta laƙaba masa sunan suna sabon aure don tsokana, shi kuma ya rama da kiran ta Malama, tunda 'yan aji biyu take koyarwa. Tsokana ta zama suna, har maƙwabta suka ɗauka.

Malama na zaune tsakaninsa da yayarta, ta jingina kai a kafaɗar Yaya. Ta rame har sai da ta naɗa wa zobenta zare don kada ya zame.

Ƙarin a bangon hanyar abinci ya tsiro mata, can ƙasa dab da bakin tumbi, irin wanda Likita ta ce ba kasafai ake samun sa a wurin ba. Loma ba ta wuce shi sai an markaɗa an tace. Wata uku ke nan da aka ɗora ta a kan ƙwaya guda kullum, da fatan ƙarin ya motse, in ya motse a yi ɗan ƙaramin aiki a ɓare shi, ba sai an yanke hanyar abincin ba. Hoton yau ne zai faɗi ko ya ji magani.

"In aka ce ya motse," in ji Injiniya, "yau zan zauna in ci abinci kamar mutum."

Yaya ta dube shi. "Da kamar me kake ci?"

"Kamar ɓarawo, Yaya. A tsaye, a bayan shago, ina waige. Ba na iya tauna a gabanta."

Yaya ta yi ɗan murmushi. Malama ba ta yi ba. Tun safe bakinta a rufe yake, shi kuma ya ɗauka fargaba ce, bai matsa mata ba.

Ƙofa ta buɗe, mai ɗaukar hoto ta leƙo ta yafito su. Injiniya ya kama hannun matarsa ya raka ta har bakin ɗakin. Sanyin ciki ya buge su. Na'urar na tsakiya, fara, da ƙaton rami da siririn gado a bakinsa.

"Ki cire ɗan kunne da sarƙa ki ba maigida," in ji mai hoton, tana gyara matashi. "Babu juna biyu dai ko?"

"Babu," in ji Injiniya.

"Ita nake tambaya, Malam."

Malama ta tsaya da ɗan kunne ɗaya a hannu. Ta kalli gadon, ta kalli ramin.

"Ba zan shiga ba."

Injiniya ya ɗauka bai ji daidai ba. "Me kika ce?"

"Ba zan shiga ba."

"Kin shige ta a baya fa. Ba ta ciwo, ke kika gaya min da bakinki."

"Na sani."

"To mene ne?"

Ta ƙara damƙe ɗan kunnen a hannunta.

"Malama, yau na rufe shago. Yaya ta baro gidanta tun da sassafe. Mutane na layi a bayanmu. Don Allah kada ki yi mana haka, ƙarfina ya ƙare."

Mai hoton ta dubi Malama na ɗan lokaci, irin duban da mata ke yi wa juna. Sai ta ajiye matashin.

"Ku hau sama wurin Likita. Zan buga mata waya kafin ku isa."

*

Likita dattijuwa ce mai furfura a goshi, ba ta saurin magana. Ofishinta ƙarami ne, kujera biyu kawai ke gaban tebur, sai Yaya ta tsaya a jikin ƙofa da jaka a rungume.

Likita ba ta dubi Injiniya ba. Sai ta tsura wa Malama ido.

"Tun zuwanku na baya na lura fatar idonki ba ta tasa ba. Yawancin masu shan ƙwayar nan sukan ɗan kumbura a nan. Na ce a raina ko jikinki ne ya karɓe ta da kyau." Ta ɗan dakata. "Kina shan ta?"

"Tana sha," in ji Injiniya. "Ni nake narka mata a kofi kullum, tunda ba ta iya haɗiye ta. Da hannuna nake juyawa."

"Kana ganin ta shanye?"

Kullum Malama takan ce ya ajiye, a hankali za ta kurɓa don kada ya dawo mata. Shi kuma yakan ajiye ya fita shago.

Ya juyo gare ta.

"Malama."

Ba ta ɗago ba.

"Na sha da farko," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Sati biyu ko uku. Daga nan na daina."

"Saboda me?"

"Ina da ciki, Baban Ɗigo."

Ba ta kiran sa da sunan 'yarsu sai magana ta yi nauyi. Ɗigo ke nan, tilon 'yarsu, wadda aka haifa 'yar mitsitsiya har sunan ya bi ta.

Injiniya ya dubi hannuwansa, baƙin mai ya zauna a gefen farcensa, ya yi ta kallon sa kamar yau ya fara gani.

"Amma an gwada," ya ce daga baya, da Likita yake. "Ranar da za a fara ƙwayar an gwada, aka ce babu. Kika ja mana kunne, muka kiyaye."

"Mai yiwuwa ya riga ya shiga, bai kai gwaji ya gan shi ba," in ji Likita. "Yakan faru. Ba laifin kowa ba ne."

"Aman da take yi fa? Da jirin?"

Shi ya ba kansa amsa.

"Ni kuma ina cewa maganin ne yake aiki. Har daɗi nake ji in na ji tana amai, Allah ya yafe min. Ina cewa ƙarin ne yake shan wuya."

Ya waiga wurin Yaya. Yaya ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran hannun jaka.

"Ke ma kin sani, Yaya."

"Ta sa na rantse, ƙanina."

"Kika zauna kusa da ni a ƙasa ina zancen zai motse."

"Na zauna. Me zan ce maka?"

Likita ta ɗaga hannu kaɗan.

"Wannan maganar taku ce, za ku yi ta, kuma dole ku yi ta. Amma ku bari in faɗa muku inda muke tsaye, don ku san a kan me kuke faɗan. Wata nawa a lissafinki?"

"Ya shiga na huɗu."

Likita ta gyaɗa kai, ta murza idonta da yatsu biyu.

"Da farko, daidai kika yi da kika ƙi shiga na'urar nan, haskenta na iya cutar da ciki. Akwai wata ta maganaɗisu, ita za mu yi amfani da ita. Kuma ƙwayar, gaskiya ce, ba ta farkon ciki ba ce, takan taɓa halittar yaro. Inda kika yi kuskure shi ne da kika yanke ke kaɗai kika yi shiru. Wata biyu da wani abu ƙarin nan yana zaune babu mai taɓa shi."

"Ya ƙaru?" in ji Injiniya.

"Ban gani ba tukuna. Ita ta fi ni sani. Ya haɗiyar?"

Malama ta yi jinkiri.

"Ayabar da nake markaɗawa da madara ta fara tsayawa. Sai na ƙara ruwa."

"Ba ki gaya min ba," in ji Injiniya.

"Abubuwa da yawa ban gaya maka ba."

Likita ta ci gaba.

"Hanyar da na fi sani, wadda ta fi kwantar min da hankali a kanki ke kanki, ita ce a haƙura da cikin, ki koma kan ƙwaya. In ƙarin ya ji, mu yi aikin da muka tsara tun farko."

"A'a," in ji Malama.

"Ban gama ba."

"Ki gama, Likita. Amma wannan a'a."

"To. Akwai a bar cikin a yi aiki yanzu. Watannin tsakiya su ne lokacin da ciki ya fi jure tiyata. Sai dai tunda ƙarin bai motse ba, ba ɓarewa za a yi ba." Ta juyo ga Injiniya. "Kai ka san bututu. In ƙasansa ya lalace, ka yanke, me ke faruwa?"

"Ya gajarta. Sai an jona."

"Mu ba mu da abin jonawa sai tumbinta. Za a yanke ƙasan hanyar abincin, a jawo tumbin sama cikin ƙirji a ɗinke. Babban aiki ne ko ga wadda ba ta ɗauke da kowa. Za ta daɗe tana jinya, kuma cin abincinta ba zai koma kamar da ba, kaɗan-kaɗan za ta riƙa ci har ƙarshen rayuwa. Cikin kuma yana iya zama, yana iya zubewa, a lokacin aikin ko bayansa. Ba zan yi muku alƙawarin da ba ni da iko da shi ba."

"In aka jira fa?" in ji Malama da sauri. Daga jin ta, wannan ce tambayar da ta kwana da ita. "In aka jira har ya yi ƙwari a ciro shi?"

"Ana iya jira. Sai a zura miki siririn bututu ta hanci har tumbi, a riƙa ciyar da ku ta nan, don abin da kike sha yanzu bai ishi mutum ɗaya ba balle biyu. Amma mu ne za mu jira, ƙarin ba zai jira ba. Irinsa yakan zubar da jini. Yakan fashe. In ya fashe ya watsu, maganar ƙaramin aiki ko babba duk ta sauya."

Injiniya ya shafa fuskarsa.

"Gashin da ake yi wa masu ƙari da na'ura a ƙasa fa? Ko ruwan maganin da ake ɗaura musu?"

"Wannan irin ba ya jin su sosai, shi ya sa tun farko ba mu bi ta nan ba. Kuma ko yana ji, ba na mai ciki ba ne. Akwai matan da suka koma kan ƙwayar bayan watannin farko sun wuce, suka haifi 'ya'yansu lafiya. Amma ba su da yawan da zan tsaya a kansu in bugi ƙirji. Ciwon nan da kansa ba shi da yawa, balle ya haɗu da ciki. Zan zauna da likitocin mata da na tiyata mu duba. Ban ɓoye muku komai ba."

"Wato duk inda aka bi akwai rami," in ji Yaya daga bakin ƙofa.

"Akwai. Wani dai ya fi wani zurfi." Likita ta ɗauki waya. "Kafin komai, ku je ɓangaren mata a duba cikin. Kin sha ƙwayar a farkonsa, kuma ba ki ci sosai. Mu fara sanin halin da wanda muke gardama a kansa yake ciki."

*

Ɓangaren mata na ɗaya ginin. Sai an sauka ta matakalar baya an tsallaka fili. Yaya ta ce su yi gaba, za ta nemo ruwa, duk da akwai gora cike a jakarta.

A kwanar matakala Malama ta tsaya ta dafa bango tana maida numfashi. Akwai taga a wurin, a wajenta na'urar sanyaya ɗaki na ɗigar da ruwa a kan siminti. Injiniya ya tsaya yana kallon ɗigar.

"Ina kike zubawa?"

"Me?"

"Maganin. Ina kike zuba shi?"

"A tukunyar furen da ke taga."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Shi ya sa ya bushe. Ni kuma na yi ta yi wa Ɗigo faɗa wai ba ta ba shi ruwa."

Malama ta zauna a kan matakala. Shi bai zauna ba.

"Kullum da safe," in ji shi, "ina tsaye a kicin ina juya cokali ina addu'a a kan kofin nan. Kin san haka? Har ƙwayar ta narke ina roƙo. In kawo miki, in fita, in wuni ina jin yau ma mun ci wani abu daga jikinsa. Ashe fure nake yi wa jinya."

"Ka yi haƙuri."

"Ba haƙurin ne ya ƙare ba, Malama. Ni ne na ƙare."

Ta ɗora hannu a kan cikinta. Yanzu da ya sani, ya ga ɗan tudun da ramar ta ɓoye a ƙarƙashin riga, ya rasa yadda aka yi bai gani ba.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Don na san abin da za ka ce."

"Me zan ce?"

"Za ka zaɓe ni."

"To laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Shi ya sa ban faɗa ba. Da laifi ne da na iya yi maka gardama."

Wani ma'aikaci ya sauko da guga, suka matsa masa ya wuce. Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace ta ci gaba.

"Bayan Ɗigo sau uku ina ɗauka yana zubewa. Kai ka kai ni asibiti duk ukun, ba sai na tuna maka ba. Babu wanda ya kai nan a cikinsu. Ina da ƙiba a lokacin, ina ci, ina kwance ana tarairaya ta, suka tafi. Wannan kuma ya zo ina shan ruwan ayaba, na ɗura masa magani ban sani ba, ya ƙi tafiya. Ya zan yi in ce a fitar da shi?"

"Ba ke za ki ce ba. Ni zan ce, ki ɗora min."

"Ba a jikinka yake ba."

Ya kau da kai.

"Tun da ciwon nan ya zo," in ji ta, "duk wanda ya dube ni abin da za a cire yake nema. A zura kyamara, a tsinko nama, a auna. Kai ma in ka dube ni maƙoshina kake kallo, ko ya wuce ko bai wuce ba. Abu biyu ne ke girma a jikina, Baban Ɗigo. Ɗaya ina tsoron sa. Ɗayan shi kaɗai ne ya sa nake tashi da safe."

Injiniya ya sauko mataki biyu ya zauna a ƙasa da ita, ya ba ta baya.

"Ranar nan Ɗigo ta zo shago bayan an tashi makaranta. Ban gaya miki ba. Ta zauna a kan tsohon firji tana kaɗa ƙafa, ta ce, Baba, ka koyi kitso."

Malama ba ta motsa ba.

"Na ce me zan yi da kitso, ga mamarki. Ta ce, ka dai koya, ko guda biyu ne. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗa ne kamar tana aikena kasuwa. Yarinyar nan ta fara shirin zama babu ke. Ita kaɗai, a cikin kanta, babu wanda ya sa ta. Ni nake ce mata magani na aiki. Ni nake nuna mata kofin."

Ya ji numfashinta ya sauya a bayansa, amma bai waiga ba.

"Kina maganar wanda ya ƙi tafiya. Ga wadda ta riga ta zo, tana da takalmi, tana da jakar makaranta, tana tsoron duhu. Ita ba ta cikin lissafin?"

"Kada ka ce haka."

"Na faɗa. Ki gaya min me zan ce mata in muka jira abin nan ya fashe. In ce mamarki ta san hanya ta ƙi bi?"

"In kuma na bi, na warke, in riƙa kallon ta ina ƙirga shekarun ƙaninta da babu?"

"Aƙalla kina nan kina ƙirgawa."

Daga nan babu wanda ya ƙara magana. Ba don sun daidaita ba, ƙarfin ne babu. Ya miƙe, ya miƙa mata hannu ba tare da ya dube ta ba. Ta kama. Hannun ba nauyi, kamar na yarinya.

*

Ɗakin awo duhu-duhu ne, da labule shuɗi. Ma'aikaciyar awon mace ce mai jiki da fara'a, ta kwantar da Malama ta shafa mata wani abu mai sanyi a mara.

"Maigida, ga kujera."

"Na gode, zan tsaya."

Ya tsaya a bakin labule ya harɗe hannuwa, idonsa a ƙasa. Ya riga ya gaya wa kansa ba zai kalli allon ba. Abin da ba ka gani ba ya fi sauƙin sallamawa.

Matar ta yi ta yawo da abin awon tana danna maɓallai. Malama ta rufe ido, leɓɓanta na motsi.

Sai matar ta murɗa wani abu, ƙara ta cika ɗakin.

Sauri-sauri, a jere, ba tsallake, ba shaƙewa. Injiniya ya yi shekaru yana kara kunne a bayan firji, daga sauti yake gane injin da zai kai da wanda ya kusa tsayawa. Bai so kunnensa ya yi masa wannan aikin ba a yau, amma kunnen bai nemi izininsa ba.

"Ka ji shi ko?" in ji matar. "Wannan ba shi da labarin abin da ake ciki. Ga kai. Ga ƙashin baya. Wannan hannu ne, ya kai shi fuska."

Ya ɗago.

Wani ɗan abu ne fari-fari a cikin baƙi, ya lanƙwashe, sai ya ɗan zabura ya miƙe ƙafa.

"Lafiyarsa ƙalau?" in ji Malama, idonta har yanzu a rufe.

"Abin da ake iya gani yanzu ban ga matsala ba. Ya ɗan yi ƙanƙanta, kuma zuciya da sauran kayan ciki sai ya ƙara girma za a duba da kyau, saboda maganin da kika sha. Amma yau dai, ga shi nan."

Injiniya ya laluba bayansa ya jawo kujerar da ya ƙi. Ya zauna. Ya ɗora goshinsa a gefen gadon, kusa da ƙafar matarsa, ya daɗe a haka. Matar ta rage ƙarar, ba ta kashe ba.

*

Da suka koma sama, marasa lafiyar Likita sun ragu, mai shara ta fara goge baranda. Yaya ta ce a waje za ta zauna, ƙafafunta sun gaji da tsayuwa, kunnenta ma ya gaji.

Likita ta saurari bayanin awon ta waya, ta ajiye.

"To. Yana nan."

"Yana nan," in ji Injiniya.

"Ba na son amsa yau. Ku je gida ku kwana a kai. Amma ba ku da makonni masu yawa, kuma bututun abinci ko wace hanya kuka zaɓa gobe za a sa, wannan ba shawara ba ce."

Malama ta gyaɗa kai. Tun da suka baro ɗakin awo ba ta yi magana ba, idonta ya yi ja. Injiniya ya ɗauka murna ce ta cika ta. Sai da suke hawa matakala ta tambaye shi, a hankali, ko da gaske Ɗigo cewa ta yi ko guda biyu ne. Ya ce da gaske.

"Likita," in ji Injiniya, "babban aikin nan da kika ce. Na jawo tumbi sama."

"Ina ji."

"In aka yi shi aka dace, ƙarin ya fita, cikin ya zauna. Haka ne?"

"In aka dace, haka ne."

"Kin taɓa ganin an yi wa mai ciki?"

Likita ta jingina da kujera.

"Sau ɗaya. Da daɗewa, ina ƙaramar likita. Ina cikin ɗakin aka yi."

"An tsira?"

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Wa kake tambaya? Uwar ko ɗan?"

"Ɗan," in ji Injiniya.

"Uwar," in ji Malama.

A tare suka faɗa. Suka juyo suka kalli juna, kowa da mamakin abin da ya fito daga bakin ɗan'uwansa.

Likita ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙe, ta zagayo teburin, ta tura ƙofar ofishin ta rufe.

"Ku gyara zama," ta ce.